Kayan Bazara a Keken Tsakar Gida: Abin da Ya Faru a Wani Gida a Kurna

Azumin shekarar 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. Watan ya faɗo ke nan a tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Kano yake kaiwa digiri 40 ko ya ɗara. A makon farko na Afrilun nan ne aka auna 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ga kuma tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, har atamfa da zare da zif. Teloli masu tayar da janareta su kwana suna aiki sun ƙara kuɗin ɗinki, da yawansu ma tun kafin a ga wata suka daina karɓar sabon aiki.

A cikin wannan hali ne yayata, wadda take aure a unguwar Kurna, ta ce ita bana da hannunta za ta ɗinka wa iyalinta kayan zaman gida. Ni nake raka ta kasuwa, don haka na ga lamarin daga farko har ƙarshe. Yaya ba tela ba ce. Ɗan abin da ta iya tun tana budurwa ta koya, kuma har yau in ta ja dogon layi sai ya ɗan karkace. Abin da ya cece ta shi ne ta gane da wuri cewa rigar bazara a wurin zaɓen yadi da yanka ake gama ta, keke haɗawa kawai yake yi.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, ginin bulo, rufin kwano, da ɗan tsakar gida mai rumfa. Mutum bakwai ne a ciki: ita da maigidanta, da mahaifiyarsa da kowa yake kira Hajiya, sai yara huɗu, babbar tana da shekara 15, autan bai cika 3 ba. Wuta sai ta ga dama take zuwa. Bangon ɗaki yana ɗaukar zafi tun azahar, ba ya hucewa sai dare ya raba.

Autan ne ya ta da maganar. Ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da gadon baya da matsematsi, yana kwana yana susa yana kuka. Irin waɗannan ƙuraje suna fitowa ne idan gumi ya rasa mafita, ƙofofinsa suka toshe. Hajiya ta ɗauki rigar da aka cire masa, ta murza ta a hannu, ta ce, "'Yar nan, ai wannan ba riga ba ce. Kun ɗaure yaro a leda kuna neman ya yi barci." Da Yaya ta zazzage kayan yaran a tabarma, sai ta ga kusan duk 'yan kantin nan masu sheƙi da araha zaren roba ne. Nata ma ba su tsira ba. Atamfofin da ta kai wa tela a 'yan shekarun nan duk an matse su a ƙugu da hammata, an yi musu shafi da yadin roba mai santsi, an manna gam a wuya da bakin hannu, ga zif a baya. Kayan fita unguwa ne, amma da su ake tsayawa a gaban murhu, don in sun ɗan tsufa su ne suke komawa na zaman gida.

Neman auduga

Kasuwar ce ta sauya ba mu ankara ba. A zamanin ƙuruciyar Hajiya, atamfar talaka ma galibi ta auduga ce. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, Kano ma tana da nata masaƙun, ana ɗauko auduga daga yankin Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Bambancin zanen mai kuɗi da na marar kuɗi a kyan rini ne da ingancin saƙa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a Kaduna a 2007. Abin da ya cike gurbin yawancinsa daga China yake zuwa, akwai mai kyau akwai na banza. Mafi araha a ciki shi ne wanda mata suke kira roba-roba: zane ya fito raɗau, launi ba ya koɗewa, amma ba ya shan gumi.

Wannan ne kuwa asalin zancen. Zaren auduga yana iya riƙe danshin da ya kai wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, na roba kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. A Maris da Afrilu iskar Kano busasshiya ce. In yadi ya tsotsi gumi, iska ta zo ta ɗauke, jiki ya sami sanyi. In bai tsotsa ba, gumin yana nan tsakanin fata da riga yana gangarowa.

A Kantin Kwari duk wanda kika tambaya amsa ɗaya ce: "Hajiya, kotin ce zalla, ki duba bakinta." Rubutun bakin atamfa kuwa ya daɗe da daina zama shaida, tunda har sunan Holan ana bugawa a jikin abin da bai taɓa zuwa Turai ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. Auduga tana ci da sauri, da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi da take murjewa a yatsa. Roba kuwa takurewa take yi ta narke, ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Sai dai ba mai hankalin da zai ƙyasta ashana a kasuwar da ta sha gobara. Don haka Yaya ta je wurin telanta ta roƙi ƙyallaye iri-iri, ta zauna a tsakar gida tana shafa kowanne kafin ta ƙona shi, har hannunta ya koyi bambancin. A shago kuma sai ta damƙe gefen yadi a tafin hannu ta saki. In ya yamutse ya zauna a yamutse, akwai auduga. In ya miƙe sumul, ta ajiye ta yi gaba. 'Yan kasuwa ba sa son wannan damƙa, amma ba wanda ya hana ta.

Da ta gano ta audugar, sai farashi ya tsayar da ita. Kuɗin da ta zo da shi da niyyar atamfa huɗu, biyu ya saya. A hanya ta yi shiru, na san lissafi take yi.

Hajiya ce ta warware. Ta sa aka sauko mata da tsohon akwatinta, ta fito da zannuwan da ta daina ɗaurawa, wasu tun na masaƙun Kaduna. Launi ya ɗan tafi, amma wanki ya cinye sitacin da ke jikinsu, sun yi laushi ƙwarai. Ta ce, "Da tsohuwar zuma ake magani. Yanka wa yaran nan, in na mutu ba da su za a rufe ni ba." Daga nan Yaya ta waiwayi nata zannuwan lefen da suka kwana biyu. Sannan muka shiga Ƙofar Wambai wurin 'yan gwanjo, inda ta tsinto zannuwan gado na auduga, manya, marasa nauyi. Zanen gado ɗaya na babban gado yana fitar da rigunan ƙananan yara da yawa, kuma an riga an wanke shi sau ba adadi, ba sauran tsukewa. A ganina wannan shi ne saye mafi wayo da aka yi a duk lamarin, ko da yake Yaya ba ta so a faɗa a gaban baƙi. Ta ƙara da 'yan yadudduka na boyel da farin alawayyo.

Keken kuwa Butterfly ne na ƙafa, cikin kayan ɗakinta ya zo, ya yi shekaru ana ɗora masa kwanuka. Mai gyara ya zo ya wanke shi, ya zuba mai, ya canza bel. Kwanakin farko zare ya yi ta cukurkuɗewa a ƙasa, ashe allurar ce aka sa a juye. Da ta zo kan boyel, allura lamba 16 tana huda shi yana tattarewa, sai da ta koma lamba 11, atamfa kuma lamba 14. Wuta ta zo ko kar ta zo, ba ruwan keken ƙafa. Lokacin ɗinkinta daga bayan asuba ne zuwa hantsi, a ƙarƙashin rumfa, kafin rana ta buɗe, kafin kuma aikin buɗa-baki ya taso.

Yanka

Rigar farko ta koya mata darasi. Ta yanka sabon alawayyo ba ta wanke ba, ta ɗinka wa na biyun yaran riga daidai jikinsa. Wanki ɗaya ta ɗage ta koma ta ƙaninsa. Tun daga nan duk sabon yadi sai ya kwana a ruwa, an shanya, an goge, kafin almakashi ya taɓa shi.

Dokokin da ta kafa wa kanta kaɗan ne, kuma duk na ragewa ne: ba shafi, ba gam, ba zif, ba roba a ƙugu, ba abin da zai kama hammata. Wannan ya sauƙaƙa mata aiki, domin duk wuraren da sabon hannu yake tuntuɓe su ne ta cire.

Ga yadda take fitar da bubu. Turmin atamfa yadi 6 ne, falle uku, faɗinsa kuwa inci 45 zuwa 48. Daga kafaɗarta zuwa idon sawu inci 54 ne, ninki biyu ya zama 108, yadi 3 ke nan cif, sai ta ƙara kaɗan don kalmasa. Ta ninka shi biyu, ninkin ya zama kafaɗa. Ta sake ninkawa a tsaye ta zana wuya da alli, na gaba ya fi na baya zurfi. A gefe kuma ta bar wajen inci 11 daga kafaɗa don hannu ya fita a sake, ta ja layi zuwa ƙasa. Shi ke nan. Abin da ya rage na turmin ya ba ta ɗankwali da rigar yarinya. Akwai abu ɗaya da ya kamata a duba tun a shago: in zanen atamfar mai kai da ƙafa ne, kamar tsuntsu ko fitila, ninkin kafaɗa zai sa na baya ya fito a kife. Ko dai a zaɓi zanen da ba shi da sama da ƙasa, ko a raba yadin biyu a haɗa a kafaɗa.

Wuya ne wurin da ya fi ba ta wahala, kuma nan ne ake gane ɗinkin gida. Tela gam yake mannawa ya tsaya ƙyam, amma gam ɗin nan shi yake cin wuya in an yi gumi. Ita sai ta yanko siririn ƙyalle a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, domin yankan karkace yana da ɗan ja, yana bin lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Ta bi bakin wuyan da shi, ta juya ciki, ta danne. Na farko-farkon sun yi kunne, na baya sun kwanta. Cikin riga kuma, da yake ba ta da keken wibin, wanda yake ɗaure bakin yadi kar ya zare, sai take yin ɗinki biyu: ta fara haɗawa ta waje dab da baki, ta rage da almakashi, ta juya, ta sake bi ta ciki, bakin yadin ya shige tsakani. Yana cin lokaci, amma ba zaren da zai zare, ba kuma abin da zai soki fatar yaro.

Yara maza ta yi musu 'yar shara da gajeren wando mai zariya. Wandunan farko duk a hantsa suka yage, wurin ƙwallo da tsalle. Hajiya ta karɓi ɗaya ta duba, ta ce a zamaninsu ba a ɗinka wando ba tare da an sa masa ƙyalle a tsakani ba. Yaya ta yanko ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu ta dasa a hantsar, yagewa ta tsaya. Autan kuwa 'yar riga ce marar hannu daga tsohon zanen kakarsa, wuyanta a buɗe. Aka haɗa da yawan watsa masa ruwa da kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, ƙurajen suka bushe.

An yi 'yar gardama a kan launi. Maigidan ya dage sai fari, wai baƙi yana jan zafi. A rana tsaka gaskiyarsa ce, yadi mai duhu ya fi ɗaukar zafi. Amma Buzaye da suke yawo a hamada cikin baƙin rini irin na Kura ba wauta suke yi ba. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike a kan Larabawan hamada masu sa baƙar riga, aka ga cewa in rigar mai yalwa ce, zafin da yake isa jiki kusan ɗaya ne ko fara ce ko baƙa, saboda iskar da take zagayawa tsakanin yadi da fata tana fitar da shi. Mai zaman inuwa kuwa launi bai dame shi ba. Yalwar rigar ita ce magana. Aka yi masa farar dai, don a zauna lafiya.

Inda abin ya ƙi

Boyel ya fi komai shan iska, amma shara-shara ne. Bubun da Yaya ta yi da mai haske ba ta iya tsayawa da shi a bakin ƙofa in mai ruwa ya yi sallama. In an sa masa shafi an koma gidan jiya. Ta koma sa shimi ta auduga a ciki, sauran boyel ɗin kuma ta zaɓi mai duhu da cikar zane.

Hijabi ma ta gwada, domin na kasuwa kusan duk roba ne, kuma shi ne yake rufe kai da wuya inda zafi ya fi taruwa. Na audugar ya yi sanyi, amma ba ya zuba yadda aka saba, kuma zama ɗaya a adaidaita sahu ya yamutse. Na salla a gida ya karɓu, na fita bai karɓu ba.

Babbar 'yar ta ƙi bubu ƙememe. Ta ce, "Umma, ni fa ba zan sa kayan tsofaffi ba, ƙawayena suna zuwa." Ba a yi mata dole ba. Aka sasanta a kan doguwar riga mai ɗan shiga a ƙirji, ta buɗe daga nan zuwa ƙasa, da aljihu biyu. Aljihun ne ya sayo ta, saboda waya.

Babbar asara ita ce kaftanin maigidan. Ganin 'yar shara ta yi kyau, sai ya kawo yadinsa na Sallah ya ce a gwada. Wuyan kaftani da tsagar gaba da hannu mai maɓalli aikin gwani ne. Wuyan ya tashi a karkace, aka farke, aka sake, yadin ya fara nuna ramukan allura. Ana saura 'yan kwanaki Sallah ya ɗauka ya kai wa telansa, wanda ya juya rigar ya ce, "Alhaji, wa ya yi mana wannan aika-aikar?" Ya gyara abin da zai gyaru, ya karɓi kuɗin gaggawa. Hajiya, da ba ta kama sunan ɗan fari, ta ce, "Yaron nan shi ya jawo wa kansa, wa ya aike shi?"

Ba na ganin laifin teloli a wannan lamari. Kuɗin tela a salo yake, da aiki, da duwatsu. Bubu marar ado ba ya biyan man janareta, kuma in ya ɗinka riga ba shafi ba gam, mai kayan ce za ta fara cewa ya yi mata ɗinkin ƙauye. Abin da muke nema yake ba mu. Kayan zaman gida na lokacin zafi dai ba su da mai yi: tela ba ya so, kanti kuma roba yake kawowa.

Lissafi

Wanda ya shiga wannan don ya tara kuɗi zai ji kunya. Abin da Yaya ta tsira da shi na kuɗin ɗinki, tsadar atamfar auduga da gyaran keke da zare da allurai sun cinye mafi yawansa. Inda aka sami sauƙi na gaske shi ne kayan yara, saboda tsofaffin zannuwa da na gwanjo. Kayan Sallah na kowa da kowa wurin tela suka tafi kamar kullum, kayan makaranta kuma ba ita take zaɓar yadinsu ba.

Sannan auduga tana da nata hidimar. Tana yamutsewa, ga wuta babu, sai dutsen guga na gawayi, a cikin wannan zafi. Tana koɗewa in an shanya ta a rana, dole a juya ta a nemi inuwa. Tana shan gumi, don haka kullum sai an wanke, a lokacin da rijiyoyi suka ja baya 'yan garuwa suka ƙara kuɗi. Roba-roba kuwa a ɗauraye, a yarfe, kafin a juya ta bushe, ba guga. Matan da suke sayenta ba rashin sani ba ne kawai, akwai lissafin ruwa da gawayi a ciki. Yaya ta rage wa kanta wahala da ta daina goge kayan zaman gida gaba ɗaya: a yarfe su da ƙarfi, a shanya a miƙe, a ninke tun da sauran ɗan danshi.

Wajen ƙarshen Mayu, da hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi, gumi ya daina bushewa da wuri. A nan aka ga bambanci a tsakanin audugar ma. Sabuwar atamfa mai kauri in ta jiƙe sai ta manne a baya, tsofaffin zannuwan Hajiya da boyel da na gwanjon nan su suka fi daɗin sawa. Turmi biyun da aka kashe wa kuɗi suka koma jiran damina ta zauna.

Zuwa lokacin maƙwabta sun fara aiko da yadi. Yaya tana karɓar bubu da kayan yara kawai, da sharaɗin a wanke yadin kafin a kawo, kuɗin kuma ƙasa da na tela. Wata maƙwabciyarta ta shigo da roba-roba mai kyan zane, ta ce a yi mata irin wanda ta gani a jikinta. Yaya ta damƙa ta saki, ta ce, "Maman yara, wannan ko na ɗinka miki ba za ki ji abin da nake ji ba, kuma ni za ki zaga. Ki mayar a canza miki." Matar ta ce ai kuɗinta ta sa ta saya, ba shawara ta zo nema ba. Ta naɗe kayanta ta kai wa telan bakin titi, ya yi mata har da shafi. Suna gaisawa har yanzu, amma ta daina aiko 'yarta aron turmi.